Taraba: Ana Ta Zaman Sulhu A Jalingo, Amma Ina Kujerar Mata?

Duk wanda ke sayar da doya a Mile 12 ko Bodija, ko yake harkar shanu a Agege ko Lokpanta, ya san Jihar Taraba ko da bai taɓa taka ƙasarta ba. Doyar Ɗan Anacha da ta Wukari, shanun Iware da Garba Chede, busasshen kifin Ibi, duk suna cikin kayan da ake sauke mana a nan Kudu. In rikici ya tare hanyar Jalingo zuwa Wukari, kafin mako ya zagayo farashi ya nuna a Legas da Onitsha. Saboda haka maganar zaman lafiyar Taraba magana ce da ta shafi aljihunmu, ban da 'yan uwa da surukai da wasunmu suka baro a can.

Tun ranar 27 ga Agustan 1991 da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, da wuya a ƙirga shekara uku a jere ba a ji wani tashin hankali ba a ɗaya daga cikin ƙananan hukumominta 16. Rikicin Tibi da Jukun ya ci rayuka a farkon shekarun 1990, ya dawo a 2001 har ya kai ga kashe sojoji 19 da abin da ya biyo baya a Zaki Biam, sannan ya sake ɓarkewa a watan Afrilun 2019 daga garin Kente. Wukari ta sha wuta a 2013 da 2014. Tsaunin Mambila ya ga nasa a watan Yunin 2017. A tsakiyar 2019 faɗan ya zo har bakin Jalingo, a ƙauyukan Kona da yankin Ardo Kola, sai da aka sa dokar hana fita a babban birnin jihar. A watan Mayun 2025 kuma aka yi jana'izar mutane da dama a yankin Munga da ke Karim Lamido.

Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ake yi kusan iri ɗaya ne. A kira taro a Jalingo ko Abuja, a kafa kwamiti, a sa hannu a takarda, a yi musabaha gaban 'yan jarida. In ka dubi hotunan irin waɗannan taruka, abin da za ka gani shi ne manyan riguna da rawuna da kakin soja. Matan da za ka hango ba su da yawa, kuma galibi suna layin baya. To ga shi an shafe sama da shekara 30 ana wannan salo, wuta na mutuwa tana sake tashi. Ya kamata a tsaya a tambaya: shin akwai abin da masu sa hannun ba sa gani, wanda waɗanda aka bari a waje suke gani?

Abin da mata ke gani

Idan manya suka zauna sulhu a Taraba, batutuwan da ke kan tebur sanannu ne: wa ke da ƙasa, wa ya zo daga baya, wa za a ba sarauta, ina iyakar Taraba da Binuwai, wa zai samu kujerar shugaban ƙaramar hukuma. Duk batutuwa ne na gaske, ba mai musu. Sai dai faɗa ba a ofis yake farawa ba. Yana farawa ne a bakin rafi, a hanyar gona, a layin famfo, a rumfar kasuwa. Waɗannan kuwa wurare ne da mata suka fi kowa zama a cikinsu.

Matar Batibe ita ce ke yini a gonar doya da rogo. Bafulatana ita ce ke ɗauko ƙwaryar nono da man shanu ta ratsa ƙauyuka uku kafin ta isa kasuwa. Matan Mumuye da na Kona su ne ke shigo da itace da hatsi da ganye cikin Jalingo da sassafe. Matan Jukun na bakin kogi su ke riƙe da cinikin kifi. Bahaushiya kuwa ko tana cikin gida, 'yan tallanta da dillaliyarta suna kawo mata labarin unguwa kaf. Waɗannan mata sun san juna da suna, suna bin juna bashi, suna zuwa bikin juna.

Shi ya sa su ke fara jin ƙanshin fitina. Ranar da masu nono suka daina shigowa kasuwa ba dalili, ranar da maƙwabciya ta kwashe 'ya'yanta ta kai su garinsu tsakiyar zangon karatu, ranar da saurayi ya fara dawowa gida da asuba da kuɗin da uwarsa ba ta san inda ya samo ba, a ranar mace ta san akwai abin da ke tafe. Jami'in tsaro sai an harba bindiga yake samun rahoto. Tambayar ita ce, wannan matar da ta gani, wa za ta gaya wa? Kuma in ta faɗa, wa zai ɗauki maganarta da nauyi?

Haka abin yake bayan ƙura ta lafa. Ka shiga kowace makarantar firamare da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira, mata da yara za ka fi gani. In aka tambaye su sharuɗɗan komawa gida, ba za su fara da maganar sarauta ba. Za su ce a tabbatar musu da hanyar rafi. A samo iri da taki kafin ruwa ya sauka, don wanda ya rasa damina ɗaya ya rasa shekara. A buɗe kasuwar da kowane ɓangare zai shiga ba tsoro. A yi maganar 'yan matan da aka yi wa fyaɗe, wadda maza kan kauce mata saboda kunya. A duba yadda ake raba kayan tallafi da diyya, domin sau da yawa sunan maigida ake rubutawa, in kuwa an kashe shi sai 'yan uwansa su karɓa, matar da marayunta su tashi a tutar babu. Sannan ga matan da suka yi aure a ɗaya ɓangaren, misali 'yar Tibi a gidan Jukun ko 'yar Jukun a gidan Tibi, wadda in faɗa ya tashi dangin miji na zarginta, dangin uba na zarginta, 'ya'yanta kuma ba su san inda za su dosa ba.

Yarjejeniyar da ba ta taɓo waɗannan abubuwa ba, a takarda kawai take. Mutane ba za su koma ƙauye ba, gonaki za su zauna kango ko wani ya shiga ya noma, sai wannan ya zama sabon dalilin faɗa a damina mai zuwa.

'Yar Jalingo ce ta ƙaddamar da tsarin

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, Jalingo ba baƙuwa ba ce a wannan magana. A ranar 31 ga Oktoban 2000 Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya buƙaci ƙasashe su sa mata cikin aikin hana rikici da sasantawa da sake gina al'umma. Nijeriya ta fitar da tsarinta na farko na aiwatar da ƙudurin a 2013. Na biyu kuwa an ƙaddamar da shi a watan Mayun 2017, lokacin da marigayiya Hajiya Aisha Jummai Alhassan, wato Mama Taraba, take Ministar Harkokin Mata. Haifaffiyar Jalingo ce, lauya, ta wakilci Taraba ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2015, kuma saura ƙiris ta zama mace ta farko da aka zaɓa gwamna a ƙasar nan. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara a watan Nuwamban 2015, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli su tabbatar da Darius Ishaku. Allah Ya yi mata rasuwa a birnin Alƙahira a watan Mayun 2021.

Ashe dai takarda akwai ta. Wata guda bayan ƙaddamar da wancan tsari Mambila ta kama da wuta. A shekarar ce kuma aka yi dokar hana kiwon sake a jihar, wadda ta jawo ce-ce-ku-ce har aka dakatar da aiwatar da ita a farkon 2018. An ji bakin ƙungiyoyin makiyaya, an ji na manoma, an ji na 'yan siyasa. Muryar matar da abincin gidanta ya dogara kan ƙwaryar nono, da ta matar da shanu suka cinye mata gonar rogo, ba su kai ko'ina ba, alhali su biyun ne ke haɗuwa ido da ido kowace ranar kasuwa.

Ba Taraba kaɗai ke da wannan giɓi ba. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ambatawa sun nuna cewa tsakanin 1992 da 2019, a manyan tattaunawar sulhu na duniya, mata kashi 13 cikin 100 ne na masu tattaunawa, kashi 6 na masu shiga tsakani, kashi 6 na masu sa hannu. A gida kuwa, cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa ta 10, mata huɗu kacal suka samu shiga. Wanda bai samu kujera a inda ake yin doka ba, da wuya a tuna da shi ranar kafa kwamiti.

Inda aka gwada

A garin Wajir da ke arewa maso gabashin Kenya, yankin makiyaya Musulmi, faɗan dangi ya yi tsanani a farkon shekarun 1990 har ya shiga kasuwa, mata suka daina sayar wa matan wani dangin kaya. A 1993 wasu mata, cikinsu har da marigayiya Dekha Ibrahim Abdi, suka fara da abu ƙarami: su tabbatar kowace mace ta shiga kasuwa ta fita lafiya. Suka sa masu lura da kasuwar kullum, ana kashe ƙaramar rigima kafin ta girma. Daga nan suka je wa dattawan dangi, suka jawo matasa da 'yan kasuwa da hukuma, har aka kafa kwamitin zaman lafiya na yankin a 1995, wanda daga baya aka kwaikwaya a wasu sassan Kenya.

A Laberiya, a 2003, matan coci ƙarƙashin Leymah Gbowee da matan Musulmi ƙarƙashin Asatu Bah Kenneth sun haɗu suka yi ta zaman dirshan. Da tattaunawar da ake yi a Accra ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai suka tare ƙofofin zauren suka ce ba mai fita sai an daidaita. An sa hannu a watan Agustan shekarar.

A nan kusa, bayan kisan Dogo Nahawa a watan Maris na 2010, matan Kirista sun yi zanga-zangarsu a Jos, matan Musulmi ma suka yi tasu kan waɗanda aka kashe musu. Maimakon kowa ya tsaya a nasa layin, Fasto Esther Ibanga da Hajiya Khadija Hawaja suka nemi juna, aka kafa ƙungiyar mata ta haɗin gwiwa da ta riƙa shiga unguwannin da maza ba sa iya tsallakawa. A Kudancin Kaduna kuma, wata 'yar Kenya, Alice Nderitu, ita ta jagoranci tattaunawar da ta kai al'ummomi 29 ga sa hannu a Kafanchan a watan Maris na 2016. Gaskiya ne kafin shekarar ta ƙare jini ya sake zuba a yankin. Wannan ya nuna shigar mata ba laya ba ce. In gwamnati ba ta hukunta mai laifi ba, in bindiga na yawo a hannun kowa, ba wanda zai iya riƙe sulhu, mace ko namiji.

Masu ja da maganar

Akwai masu cewa ai mata ma suna hura wuta. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Mace ce ke rangaɗa guɗa in samari sun dawo daga farmaki. Mace ce ke yi wa miji gori ta ce in ba zai iya ba ya ba ta wandon. Mace ce ke dafa wa 'yan faɗa abinci, wani lokaci ita ke ɓoye makami a ƙarƙashin gado. To amma wannan ai hujja ce ta a jawo ta cikin zaman. Wadda ke da ikon tura saurayi daji tana da ikon hana shi fita. In an yi sulhu da uba an bar uwa da ƙuna a zuci, ita ce za ta raini yaron da labarin wanda ya kashe babansa.

Wasu kuma na cewa addini da al'ada ba su yarda mace ta zauna cikin manya ba. Masu wannan magana su koma tarihi. A sulhun Hudaibiyya, lokacin da sharuɗɗan suka yi wa Sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ita ce Manzon Allah (SAW) ya ɗauka, al'amarin ya warware. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru da jajojinta suna ratsa ƙauyuka bayan shekarun yaƙi, suna karantar da mata. A fadar Aku Uka ta Wukari akwai sarautar mace ta Angwu Tsi, kamar yadda Borno ke da Magira, Gobir ke da Inna. Kakanninmu sun san gari ba ya zama da bakin maza kaɗai.

Haɗari na uku shi ne na cika ido. A kira uwargidan shugaban ƙaramar hukuma da shugabar matan jam'iyya, a ba su kujera, a ce an sa mata. Ko a gayyato mata su buɗe taro da addu'a, su raba ruwa da abinci, in an zo yanke shawara a ce su ɗan ba da wuri. Wannan ba wakilci ba ne. Taraba na da ƙungiyoyin mata masu rassa har ƙauye: Zumuntar Mata a coci-coci irin su CRCN da UMCN da Katolika, FOMWAN da aka kafa tun 1985, makarantun Islamiyya na matan aure, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na adashi. Su ya kamata su zaɓo waɗanda za su yi magana da yawunsu.

Gwamnatin Agbu Kefas, wanda shi kansa ɗan Wukari ne kuma tsohon soja, tana da damar sauya salon. Duk kwamitin sulhu da za a kafa, a ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku. A fara yi musu zama nasu su kaɗai kafin babban taro, domin mace ba za ta buɗe baki ta yi maganar fyaɗe gaban surukinta da hakiminta ba. A biya musu kuɗin mota, a sa taron a lokacin da ba na gona ko girki ba, a samo tafinta ga wadda Hausarta ba ta nuna ba. Sannan a ba su aikin bibiya: su ne za su faɗa ko kasuwa ta koma ci, ko yara sun koma aji, ko ana zuwa rafi lafiya. Filato ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, Kaduna ta kafa tata a 2017 ta kuma ɗora mace, Priscilla Ankut, kan tafiyar da ita. Ba abin da zai hana Jalingo ɗaukar darasi.

Mu kuma a zango fa?

Kada mu yi ta nuna Taraba da yatsa mu manta da namu. A tuna Shagamu a watan Yulin 1999: kisan wata Bahaushiya da aka ce ta fito lokacin bikin Oro shi ya tayar da rikicin da ya kai ga ramuwar gayya a Kano. A tuna Sabon Ile-Ife a watan Maris na 2017, inda rahotanni suka ce daga saɓani da wata mata abin ya faro. A tuna kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, daga cacar baki tsakanin mai dakon tumatir da wata mai shago, aka wayi gari an rasa rayuka, shaguna da gidaje sun ƙone, har 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. Sau uku ke nan ana cewa a kan mace aka fara. Da aka zo sasantawa kuwa, gwamnoni da sarakuna da shugabannin kasuwa aka gani.

Maƙwabtanmu sun riga mu tsara wannan ɓangare. Yarbawa na da Iyaloja a kowace kasuwa, da Iyalode a fada. Ibo na da Umuada, 'ya'ya matan dangi da in suka yanke magana ba mai tsallakewa, ga taron matan da suke yi duk watan Agusta. In rigima ta taso tsakanin ɗan dako da mai tumatir, Iyaloja wa za ta kira a ɓangarenmu? Sarkin Hausawa za ta nema, shi kuma kafin a same shi, a tara fadawa, labari ya riga ya bazu a WhatsApp da Facebook, an ƙara masa gishiri.

Alhali muna da matan. A Sabon Ibadan da Agege da Idi Araba da Shagamu akwai iyayenmu mata da aka haifa a nan, suna jin Yarbanci kamar Hausa, sun yi makaranta da matan gari, suna adashi tare. A Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal akwai masu tuwo da waina da kunu da duk wani ɗan dako da ɗan acaba ke cin abinci a wajensu, sun san wanda ya shigo gari jiya, sun san yaron da ya fara shaye-shaye. Akwai amirorin Islamiyya da maganarsu ke shiga gida ɗari a rana guda.

Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi. Kowace fadar Sarkin Hausawa da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta samu dattijai mata biyu ko uku da matan unguwa suka yarda da su, a kai su a gabatar da su ga Iyaloja ko shugabar matan kasuwa da kuma DPO, a yi musayar lambar waya tun ana zaman lafiya. In za a je zaman sulhu, a tafi da su, a kuma ba su dama su yi magana. In baƙon yaro ya sauka daga mota, cikin abin da za a fara gaya masa har da yadda ake magana da matan gari da ranakun da ba a fita. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma tun ran gini ake zane.

Mu da ke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin tsadar fitina, don in ta tashi shagonmu ake fara ƙonawa, kuma hanyar gida da nisa. Duk idon da zai hango ta tun daga nesa, bai kamata a bar shi a bayan labule ba, ko a Jalingo ko a Shasha. Allah Ya zaunar da Taraba lafiya, Ya zaunar da mu lafiya a inda muke neman abinci.